Georg Cantor: Malamin da ya Auna Abin da ba shi da Iyaka

Kowane yaro da ya fara koyon ƙidaya yakan kai ranar da zai tambayi na gaba da shi wace lamba ce ta ƙarshe. Amsar da akan ba shi ita ce babu, domin kowace lamba ka ambata, in ka ƙara mata ɗaya ka sami wadda ta fi ta. Yawancinmu nan muka tsaya, muka kama wasu harkoki. Mutumin da zan ba ku tarihinsa bai tsaya nan ba. Ya ɗauki wannan tambaya ta yara da muhimmanci, ya bi ta har inda masanan zamaninsa suke jin tsoron sa ƙafa, kuma ya sha wuya ƙwarai a kan haka.

An haifi Georg Cantor ran 3 ga Maris, 1845, a babban birnin Rasha na wancan zamani, wato Sen Fitasbag. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya 6. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne, dillali a kasuwar hannun jari, mai bin ɗarikar Lutaran da gaske. Mahaifiyarsa, Maria Anna Böhm, 'yar Katolika ce daga gidan makaɗa, shi kansa Georg ya tashi ya iya goge irin na Turawa sosai. A 1856, yana ɗan shekara 11, rashin lafiyar mahaifinsa ta sa iyalin suka gudu daga sanyin Rasha suka koma Jamus. A can ya yi sakandare, ya gama a garin Darmstadt a 1860 da yabo na musamman a fannin lissafi.

Mahaifin ya so ɗansa ya zama injiniya, don sana'a ce mai kawo abinci. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu, iyaye da yawa haka suke. Yaron ya yi biyayya na ɗan lokaci, sa'an nan a 1862 ya roƙi izini a bar shi ya karanta lissafi tsantsa, uban kuwa ya yarda. Ya fara a Zurik ta ƙasar Suwizalan. Da mahaifinsa ya rasu a 1863, sai ya koma Jami'ar Balin, inda manyan malaman lissafi uku suke koyarwa, Weierstrass da Kummer da Kronecker. Ku riƙe sunan na ukun, za mu sake gamuwa da shi. Cantor ya sami digirin digirgir a 1867, ya ɗan koyar a wata makarantar 'yan mata a Balin, daga nan a 1869 ya tafi Jami'ar Halle. Yana tsammani zango ne kawai kafin a kira shi babbar jami'a. Ashe nan zai ƙare rayuwarsa.

A Halle wani dattijon malami mai suna Eduard Heine ya ba shi wata matsala mai wuya da ta gagari manya, ya warware ta a 1870. Cikin binciken nan ne ya ga dole ya yi tunani a kan tarin ɗigogi marasa iyaka da ke kan layi, ya soma tambayar kansa yadda za a gwada yawan wani tari da na wani idan dukansu ba su ƙarewa.

To, a nan sai mu ajiye labarin tukuna, mu shiga zauren taro na makaranta, domin in ba mu gane wannan ba, ba za mu san abin da ya jawo masa suna da tsangwama ba. A ce an sa wani ƙaramin yaro wanda bai iya ƙidaya ba ya gano ko ɗalibai sun fi kujeru yawa. Ba ya bukatar lamba ko ɗaya. Sai ya ce kowane ɗalibi ya zauna a kujera guda, ya tsaya ya duba abu biyu. Na farko, ko akwai kujerar da mutum biyu suka matsu a kanta. Idan babu, bari mu kira wannan zama haɗi marar cinkoso, shi ne littattafan lissafi ke kira injektif. Na biyu, ko akwai kujerar da ta rage ba kowa a kai. Idan babu, mu kira shi haɗi mai gamewa, wato sajektif. In an cika sharaɗin nan biyu gaba ɗaya, ba cinkoso kuma ba kujerar da ta yi kwantai, an sami cikakken haɗi, yaron kuwa zai iya cewa ɗalibai da kujeru yawansu ɗaya ne, ko da bai san ko su nawa ba ne.

Ku lura da wani abu. Idan ɗalibai 40 ne kujeru ma 40, sharaɗi ɗaya shi ke jawo ɗayan. Muddin ba wanda ya matsi wani, dole kujeru su cika. Muddin kujeru sun cika, dole ba wanda ya matsi wani. Mun saba da wannan har muna ganin haka abin yake a ko'ina.

Yanzu mu ce ɗaliban su ne lambobin ƙidaya, 1, 2, 3, 4, har abada, kujerun ma an liƙa musu lambobin nan duka. Mu ce kowane ɗalibi ya zauna a kujerar da ke gaba da lambarsa: 1 ya zauna a 2, 2 a 3, 3 a 4. Kowa ya sami wuri, ba cinkoso, amma kujera ta 1 tana nan ba kowa. Mu sake, kowa ya ninka lambarsa biyu: 1 ya tafi 2, 2 ya tafi 4, 3 ya tafi 6. Har yanzu kowa ya zauna shi kaɗai, amma duk kujerun mara, 1, 3, 5, 7, sun zama fanko. Ana iya juya abin kuma. A ce 1 da 2 su zauna a kujera ta 1, 3 da 4 a ta 2, 5 da 6 a ta 3. Wannan karon ba kujerar da ta rage, alhali kowace tana ɗauke da mutum biyu. Wato a cikin lambobin ƙidaya sharaɗin nan biyu sun raba gari, ɗaya yana iya tsayawa ba tare da ɗayan ba. Haɗin ninki biyun nan kuma ya nuna wani abin da ya fi ban mamaki: in kujerun cika kaɗai muka jera, 2, 4, 6, 8, sun ishi dukan lambobin ƙidaya cif-cif. Ga shi rabin abu ya yi daidai da dukansa.

Ba Cantor ne ya fara ganin wannan ba. Galileyo na Italiya ya rubuta shi a littafinsa na ƙarshe a 1638, inda ya haɗa kowace lamba da abin da take bayarwa in an yi ta sau kanta, 1 da 1, 2 da 4, 3 da 9, 4 da 16. Amma da ya ga inda maganar ta nufa sai ya ja da baya, ya yanke cewa kalmomin daidai da fi da kasa ba su da aiki a kan abin da ba shi da iyaka. Shekara fiye da 200 yawancin masana suna kan wannan ra'ayi, don tun zamanin Yuklid an ɗauka cewa dukan abu ya fi ɓangarensa, ba gardama. Abin da Cantor ya yi shi ne ya ƙi ja da baya. Ya ce hanyar yaron nan na zaure ita ce ma'aunin, duk tari biyu da ke da cikakken haɗi yawansu ɗaya ne, kuma duk abin da ma'aunin ya nuna za a karɓa, ko ya yi wa hankali daɗi ko bai yi ba.

Bai yi tafiyar shi kaɗai ba. A 1872, yana hutu a Suwizalan, ya gamu da Richard Dedekind, wanda ya girme shi da shekara 13 da 'yan watanni, mutum mai sanyin hali da ke koyarwa a makarantar fasaha ta garinsu, Braunschweig. Suka shiga rubuta wa juna wasiƙu. Dedekind ne daga baya, a 1888, ya mai da abin mamakin nan ya zama ma'anar rashin iyaka kanta: tari marar iyaka shi ne wanda za a iya haɗa shi da kansa ba cinkoso, a kuma bar saura.

Da ma'aunin a hannu, Cantor ya gwada lambobin kaso, irin su rabi, sulusi, rubu'i, 3 bisa 7. Kowa zai ce sun fi lambobin ƙidaya yawa nesa ba kusa ba, tunda tsakanin 1 da 2 kaɗai akwai su ba iyaka. Amma ana iya jera su a layi ɗaya. A tara lambar sama da ta ƙasa, a fara da masu ƙaramar jimla: 1/1, sai 1/2 da 2/1, sai 1/3 da 3/1, sai 1/4, 2/3, 3/2, 4/1, a yi ta tafiya haka, ana tsallake wadda aka riga aka gani da wata kama, kamar 2/2. Kowane kaso zai zo a lokacinsa, ya sami lambar layinsa. Ke nan yawansu ɗaya da lambobin ƙidaya.

Daga nan mutum zai zaci duk marasa iyaka ɗaya suke. Ran 29 ga Nuwamba, 1873, Cantor ya rubuta wa Dedekind yana tambaya ko za a iya jera dukan lambobin da ke kan layi haka nan, har da masu ɗigo waɗanda jelarsu ba ta ƙarewa. Dedekind ya amsa cewa bai sani ba. Ran 7 ga Disamba, kwana 8 kacal bayan wasiƙar farko, Cantor ya aika masa da hujjar cewa ba zai yiwu ba. Aka buga ta a 1874 a wata mujallar lissafi ta Balin da ake kira da sunan Crelle, cikin 'yan shafuka kaɗan. Yana ɗan shekara 29. A shekarar nan kuma ya auri Vally Guttmann, ƙawar 'yar'uwarsa, suka haifi 'ya'ya 6.

Hujjar 1873 tana da ɗan nauyi, amma a 1891 ya kawo wata dabara mai sauƙi wadda ɗalibin aji huɗu zai iya bi, ga yadda ake koyar da ita da lambobi masu ɗigo. A ce wani ya zo da jeri, ya ce ya sa duk lambobin da ke tsakanin 0 da 1 a ciki, ta farko, ta biyu, ta uku, har abada. Sai ka ƙera taka lambar. Dubi gurbin farko bayan ɗigo a lambarsa ta farko: in 5 ce ka rubuta 6, in ba 5 ba ce ka rubuta 5. Dubi gurbi na biyu a lambarsa ta biyu, ka yi haka. Gurbi na uku a ta uku, haka dai har abada. Lambar da ka ƙera ta saɓa da ta farko a gurbin farko, ta saɓa da ta ɗari a gurbi na ɗari, ta saɓa da kowace a wani wuri. Saboda haka ba ta cikin jerin. Ko ya ɗauke ta ya ƙara a sama, za ka sake ƙera wata. Da harshen zaurenmu, in lambobin ƙidaya ne ɗalibai, lambobin layi ne kujeru, babu wani tsarin zama da zai game kujerun. Ke nan rashin iyaka hawa-hawa ne, wani ya fi wani. A takardar nan ya nuna hanyar da ke tabbatar da cewa hawan ba shi da ƙarshe, kowane tari akwai wanda ya fi shi. Ni dai duk lokacin da na rubuta wannan hujja a allo, akan sami ɗalibi ɗaya ko biyu da ke ganin wayo aka yi musu, sai sun kwana da ita tukuna su yarda.

A 1877 ya gano abin da shi kansa ya gaya wa Dedekind yana ganinsa amma ya kasa gaskatawa: ɗigogin da ke kan gajeren layi ɗaya yawansu ɗaya da na cikin fili mai kusurwa huɗu. Ya aika wa mujallar Crelle, takardar ta yi watanni ba a buga ba, sai 1878. Cantor ya zargi tsohon malaminsa Kronecker da hannu a jinkirin, bai kuma sake aika wa mujallar kome ba.

Kronecker attajiri ne mai faɗa a ji a Balin. A ganinsa, lissafi na gaskiya shi ne abin da za a iya ginawa daga lambobin ƙidaya cikin matakai masu ƙarewa, abin da ya wuce haka kuwa surutu ne. Ya soki aikin Cantor a gaban ɗalibai da abokan aiki. Cantor ya zama cikakken farfesa a 1879 yana ɗan shekara 34, abin alfahari ne, amma a Halle ne, inda albashi bai kai na Balin ba, ɗaliban lissafi kuma kaɗan ne. Ya tabbata a ransa Kronecker ne ya tare masa hanya. Gaskiya a faɗe ta, tambayar Kronecker ba ta wauta ba ce. Neman a nuna mataki-mataki yadda za a sami abu, ba a ce akwai shi kurum ba, shi ne tunanin da masu tsara aikin kwamfuta suke bi. Laifinsa a wurina shi ne yadda babba ya yi amfani da girmansa a kan ƙarami wanda ya taɓa zama ɗalibinsa. Shi ma Cantor ba kanwar lasa ba ne, mai saurin fushi ne, mai riƙo. Da Heine ya rasu a 1881, ya yi ƙoƙari a ba Dedekind kujerarsa, Dedekind ya ƙi barin garinsu, daga nan wasiƙunsu suka yanke shekaru da yawa.

A watan Mayu, 1884, yana ɗan shekara 39, ciwon damuwa mai tsanani ya kwantar da shi karo na farko. Tsofaffin littattafai sukan ɗora wa Kronecker alhakin wannan, wasu ma su ce tunanin rashin iyaka ne ya juya masa kai. Masu binciken tarihi da suka duba takardunsa daga baya ba su yarda da haka ba. Sun fi ganin ciwo ne irin wanda ke ɗaga mutum sama ya kuma jefa shi ƙasa, wanda zai iya kama manomi ko ɗan kasuwa, sai dai tsangwama ta ƙara masa nauyi. Ina faɗin wannan ne domin mu ma mukan ce karatu ya yi wa wane yawa, alhali ciwo ne da ke bukatar likita. Da ya sami sauƙi, ya rubuta wa Kronecker wasiƙar neman sulhu, shi kuma ya amsa da mutunci, ko da yake ra'ayinsu bai haɗu ba har abada. Kuma manyan ayyukansa da yawa bayan wannan ciwo ya yi su. Shi ne ya tsaya aka kafa ƙungiyar masana lissafi ta Jamus a 1890, aka zaɓe shi shugabanta na farko. A taronta na Halle a 1891 ya gayyaci Kronecker ya yi jawabi, amma rasuwar matarsa ta hana shi zuwa, shi ma ya rasu a watan Disamba na shekarar.

Akwai wani gefe na rayuwarsa da littattafan lissafi ba su cika taɓawa ba. Cantor mai bangaskiya ne, kuma wata damuwa ta tsaya masa: in mutum ya ce yana auna marar iyaka, ashe bai shiga hurumin Allah ba? Masanan tauhidi da dama sun daɗe suna koyar da cewa Allah kaɗai ne marar iyaka a zahiri. Ya rubuta wa limaman Katolika wasiƙu masu yawa a kan wannan, har da Kadinal Johannes Franzelin a Roma, a 1885 da 1886. Bayaninsa shi ne, marasa iyakan da yake aunawa halittu ne, tunda kowane ɗayansu akwai wanda ya fi shi. Amma akwai Cikakken marar iyaka, wanda ba a ƙara masa, ba a auna shi, hankalin ɗan Adam ba ya kewaye shi, wannan na Allah ne kaɗai. Kadinal ɗin ya amsa cewa in an riƙe wannan bambanci, bai ga haɗari ga addini ba. Cantor ya ɗauki kansa a matsayin wanda aka ba saƙo ya isar, ba wanda ya ƙago ba. Da ya zo sa wa sababbin lambobinsa alama, ya zaɓi alef, harafin farko na Ibrananci.

Sannu a hankali matasa suka soma bin sawunsa. A 1897 wani ɗalibi a Halle, Felix Bernstein, ɗan shekara 19, ya tabbatar da abin da Cantor ya daɗe yana faɗa ba tare da cikakkiyar hujja ba: in tarin farko ya shiga na biyu ba cinkoso, na biyun ma ya shiga na farko ba cinkoso, to akwai cikakken haɗi tsakaninsu. Daga baya aka tarar cikin takardun Dedekind cewa ya riga ya tabbatar da shi tun 1887, ya ajiye bai buga ba. A 1904 babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila ta ba Cantor lambar girma ta Sylvester, a 1912 kuma Jami'ar St Andrews ta Sikotlan ta ba shi digirin girmamawa, rashin lafiya ta hana shi zuwa karɓa.

Sai dai girman ya zo ne lokacin da ƙarfinsa ya ƙare. A watan Disamba, 1899, ɗan autansa Rudolf ya rasu farat ɗaya. Daga nan ya yi ta shiga asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa yana fita. Ya ɓata lokaci mai yawa yana ƙoƙarin nuna cewa Francis Bacon ne ya rubuta wasannin Shekisfiya, har ya buga ƙasidu a kai a 1896 da 1897, ba wanda ya ɗauke su da muhimmanci. Ya yi ritaya a 1913. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya same shi cikin talauci da ƙarancin abinci, babban bikin cikarsa shekara 70 da aka shirya a 1915 ma aka fasa shi saboda yaƙin. A 1917 aka kai shi asibiti karo na ƙarshe, ya yi ta rubuta wa matarsa yana roƙo a mai da shi gida. Ya rasu a can ran 6 ga Janairu, 1918, yana da shekara 72.

Akwai tambaya ɗaya da ya bari a buɗe, wadda ya fara yi tun 1878: tsakanin yawan lambobin ƙidaya da yawan ɗigogin layi, akwai wani hawa a tsakiya? Shi ya gaskata babu. Ya yi shekaru yana neman hujja, wani lokaci ya rubuta wa aboki cewa ya samu, bayan 'yan makonni ya sake rubutawa cewa akwai kuskure. A 1900, a taron masana lissafi na duniya a Faris, David Hilbert ya sa ta farko cikin matsaloli 23 da ya ɗora wa sabon ƙarni. A 1938 Kurt Gödel ya nuna cewa da ƙa'idojin da masana suka amince da su a kan tari, ba za a iya ƙaryata zaton Cantor ba. A 1963, shekara 45 bayan rasuwarsa, Paul Cohen na Amurka ya nuna cewa da ƙa'idojin nan ba za a iya tabbatar da shi ba kuma.